KASHI NA 14: Furotin ya cika a buhu, amma kaza ta ƙi girma

Yau maganar kiwon kaji za mu yi, don matasa da yawa a Zauro, Ambursa har Argungu sun zuba ɗan jarinsu a burola, kuma abinci kaɗai yana cinye wajen kashi 60 zuwa 70 na kuɗin da ake kashewa. Shi ya sa kowa ya koma haɗa nasa a gida. Madalla. Amma ana haɗawa da ka, shi ne sai ka ga kaza ta yi sati shida tana nan kamar tattabara.

To ga inda matsalar take. Furotin ɗin da muke ta ambato, ƙananan sinadarai ne suka haɗu suka yi shi, sunansu amino asid. Biyu ne suka fi saurin gazawa a abincin kaji: laisin da metiyonin. In ɗaya ya gaza, girma ya tsaya, ko da sauran sun yi yawa.

Ma'aunin da hukumar NRC ta Amurka ta fitar a 1994 ya ce ɗan tsakon burola, daga ƙyanƙyasa zuwa sati uku, yana son laisin kashi 1.1 da metiyonin kashi 0.5 cikin ɗari. Wato a kilo 100 na abinci, laisin kilo 1.1, metiyonin rabin kilo.

Ɗauko biro mu lissafa. Masara kilo 60, tunkuzar waken suya kilo 35, sauran 5 garin ƙashi, gishiri da sinadarin bitamin. Masara tana da laisin wajen kashi 0.25, waken suya 2.8. Masara ta ba ka giram 150, wake ya ba ka 980, jimla 1,130. Laisin ya isa. Metiyonin fa? Masara 0.18, wake 0.62, wato giram 108 da 217, jimla 325. Saura 175 kafin 500. Wannan sai ka saya na gari a shagon kayan kaji ka ƙara, ka gauraya sosai.

Yanzu wani zai ce waken suya ya yi tsada, bari in sa ƙuli-ƙuli. Laisin ɗinsa wajen 1.5 ne kawai. Kilo 35 giram 525 ke nan, da na masara 675, giɓin 425. Kuma garin laisin na shago kashi 78 ne zallarsa, don haka wajen giram 545 za ka zuba. Lissafa kuɗin wannan tukuna kafin ka ce ka samu araha.

Dusar shinkafa kuwa, Allah Ya hore mana ita a Kebbi, amma ta ƙananan injina tana zuwa da ƙaiƙayi. Ni dai ba na ba da shawarar a wuce kilo 10 cikin 100 ga 'yan tsaki. In kuma ɗanyen waken suya ka samu, a soya shi kafin a niƙa, don ɗanye yana hana kaza narkar da furotin ɗin.