Danja da Tirela a Hanyar Kwangwalam

Manyan motocin da ke tasowa daga Kano zuwa iyakar Kwangwalam ta Daura suke ratsawa. Don haka duk danjar da za a kafa a garin, da tirela ya kamata a auna lokacinta. Tirela mai lodi ba ta tsayawa nan take, kuma in gudunta ya ninka, tazarar birkinta kan ninka sau huɗu. Fitilar ruwan ɗorawa mai daƙiƙa 3 takan sa direba ya taka birki kaya su rinjaye shi, ko ya keta ja ya afka wa masu babura. Wasu za su ce ƙara lokacin zai jawo cunkoso. Ai ƙarin daƙiƙa 2 ba ya hana ciniki, amma tirelar da ta kife takan rufe hanya wuni guda. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KASSAROTA da Jami'ar Sufuri ta Daura, ku duba wannan.