Kunne Ya Girmi Kaka: Neman Tarihin Majigi ta Hanyar Sauraro



A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da suke mulka, suka ɗora William Sellers a kansa, motocin majigi suka riƙa kai finafinan ƙauyuka. Da yawansu bebaye ne. Mai sharhi ne yake riƙe lasifika yana fassara hotunan da Hausa, yana ƙara nasa gishiri. Don haka wanda ya sami fim kaɗai, rabin tarihi ya samu. Sauran yana cikin murya.

Wuri biyu za a nemi muryar nan. Na farko, abin da ya rage na faya-fayan gidajen rediyon Kano da Kaduna, masu ɗauke da waƙoƙi da jawaban wayar da kai. Na biyu, bakin dattawan Kura, Bunkure da Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga, da aka gama a 1974, ya kawo wa noman alkama. Su za a tambaya abin da majigi ya gaya wa manomi, da yadda ya karɓe shi.

Zafi da ƙura suna cin faifai, kwana kuma ba ya jiran dattijo. Ɗaukar muryoyin nan aikin ɗalibi ne. Adana su kuwa, amanar ma'aikaci ce.