Lambun ƙofar ɗaki: a fara da lissafin ruwa da shinge

Jawabin da ofishin kariya ya gabatar ga shugabannin blok da ƙungiyoyin mata na Borgop da Ngam a ƙarshen damina.

 

Wasu za su ce me ya haɗa ofishin kariya da maganar alayyafo da kuɓewa. Abin da ya haɗa mu shi ne, lambu in ya lalace ƙararsa teburinmu take zuwa. Akuyar maƙwabci ta cinye shuka, an yi zage-zage. An yi faɗa a bakin famfo don wata ta cika jarka biyar za ta kai wa tumatir, na bayanta ba su samu na sha ba. Mai fili ya karɓe filinsa bayan an gama zuba masa taki. Don haka yau za mu faɗi yadda ake lambun, mu kuma faɗi yadda ake tsare shi daga rigima.

Kun fi mu sanin cewa rabon abinci na PAM ya ragu ƙwarai in aka kwatanta da 2014, lokacin da aka buɗe waɗannan wurare biyu. Ko a lokacin da rabon yake cika, hatsi ne da wake da mai da gishiri, ɗanyen ganye ba ya ciki. Yaro kuwa da mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ganye a miya kullum saboda jini da ƙarfin ido. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mun san da yawa daga cikinku, musamman waɗanda suka fito daga dazukan Bouar da Bocaranga da Bozoum, sandar kiwo kuka gada, ba fartanya ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ya iya renon maraƙi ya san tashin asuba da lura da abu mai rai, kuma shi ya fi kowa sanin inda taki yake.

Akwai kuma masu cewa, ai gida za mu koma, me za mu shuka? Gaskiya ne, tun yarjejeniyar da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da HCR suka sa wa hannu a 2019 wasu sun koma bisa son ransu. Amma alayyafo sati uku zuwa huɗu yake yi a fara yanka. Wanda ya rubuta sunansa a jerin masu komawa zai ci miyarsa sau da yawa kafin mota ta zo, ya kuma tafi da iri a aljihu.

To, da ruwa za a fara. Kuskuren da muka fi gani shi ne a ƙarshen damina ƙasa tana da laima, sai mutum ya share fili babba ya watsa iri, ya yi kyau a watan Nuwamba, Janairu na zuwa ya bushe ƙurmus. Ku auna lambu da ruwan da kuke da shi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, wato babban taku ɗaya da taku uku, yana shan kusan lita 15 a yini da rani, kusan jarka guda ke nan. Wanda ya san jarka ɗaya zai iya, fangali ɗaya zai yi. Faɗin kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba.

Ruwan famfo na sha ne da girki tukuna. Amma akwai ruwan da muke zubarwa a banza kowace rana. Ku sa dutse a bakin fangali, mutanen gida su riƙa alwala a nan. Ku lissafa buta nawa ke nan a yini. Ruwan wanke shinkafa, na wanke ganye, na ɗaurayar kwano, duk lambu na so. Wanda ba ya so shi ne ruwa mai javel, da mai kumfar omo da yawa, da ruwan wanke kashin jariri. A zuba a gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da za a ci. A ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, na tsakar rana iska ke shanye wani kasonsa. Sannan a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa kaurin yatsa uku. Wannan ciyawar kaɗai tana rage ɗaukar jarka sosai, sai dai a riƙa ɗaga ta ana dubawa saboda gara, kuma kada ta taɓa karan shukar.

Wata dabara ta tsofaffi: a binne tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ba har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta, a rufe bakin da faifai ko dutse. Ruwan yana tsatsowa ta jikinta a hankali, saiwa tana bin sa. Rufewar dole ce, saboda sauro. Haka nan muna roƙonku kada a haƙa ramin tara ruwa a bar shi buɗe kusa da ɗakuna. Yaro mai rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi.

Wanda ba shi da ko taku uku a ƙofar ɗaki, buhu ya ishe shi. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika buhu mai kilo 50, a jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa har sama don ruwa ya sauka, a yi ƴan huji a gefe a dasa ganye, a sama a sa barkono ko tumatir. Tsohuwar roba da ta fashe ma ta yi. Tsofaffi da marasa ƙarfi wannan ya fi musu, ba sunkuyo da yawa.

Maganar ƙasa. Wasunku sun zauna Garwa ko Marwa, ko sun ji shawarar masu albasa na can. A yi hankali, nan ba can ba ne. Garwa kwari ce a bakin Binuwai, a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Meiganga tana kan tudu, kusan mita 1,000, damina tana kaiwa daga Afrilu har Oktoba, kuma a Disamba da Janairu dare yana da sanyi. Saboda haka fangali iri biyu za ku yi a shekara. Da rani a yi shi da ɗan zurfi, a tada masa baki, ya riƙe ruwa. Da damina a tada shi sama kamar kunya, a yi masa hanyar ruwa, in ba haka ba ruwan Agusta ya kwashe iri da taki ya ruɓar da saiwa.

Jar ƙasar nan tana da tauri, ruwan sama kuma ya wanke mata ƙarfi. Maganinta taki da toka. Kashin shanu a bar shi ya ruɓe har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kawo ciyawa. A haƙa rami zuwa gwiwa, a zuba ciyawa, a bi da kashin dabba, a barbaɗa tokar murhu, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika, a rufe. A soka sanda a ciki. In an zaro ta da ɗumi, yana dahuwa. A juya shi bayan ƴan makonni, cikin wata biyu zuwa uku ya yi. Toka tafin hannu ɗaya a kowane taku ta isa, a cuɗa ta da ƙasa, kada a cika. Leda da tsohon batir kada su shiga ramin.

Kafin iri ya taɓa ƙasa, shinge. Muna maimaitawa, shinge tukuna. Zana, kara, ƙaya, ko a kafa itacen rogo kusa da kusa, ya tsiro ya zama shinge ya kuma ba da ganye. Iyayenmu mata da suka saba da ngunza sun san sai an daka ganyen rogo an dafa shi sosai kafin a ci. Abin da ba mu so shi ne gidan sauron da aka raba don yara ya koma katangar lambu. Muna gani in muna zagayawa. Tsohon da ya yayyage babu laifi, sabo kuwa a mayar da shi kan shimfiɗa, zazzaɓi ya fi akuya ɓarna.

Abin shukawa yanzu: alayyafo, lalo, rama, yakuwa wadda a kasuwar nan ake kira folere, ganyen wake, albasa mai lawashi. Irin alayyafo ƙanana ne, a gauraya shi da yashi kafin a watsa, kuma in ya isa a yanka sama a bar gindin, zai sake tohowa. Tumatir lokacinsa ke nan, don da damina ciwo ke kashe shi. A rene shi a ƙarƙashin ƴar rumfar ciyawa sati uku zuwa huɗu, a dasa da yamma, a kafa masa sanda. Kuɓewa ba ta son sanyin hunturu, takan tsugune. A jira ƙarshen Fabrairu, a jiƙa irin ya kwana, a sa biyu a rami, kamu guda tsakani. Inda aka cire tumatir kada a mayar da barkono ko gauta, dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A sa wake. Zogale kuwa kowane gida ya kamata ya samu ko biyu a kusurwa. A riƙa datse shi daidai ƙirji don ya yi rassa, ganyen a shanya a inuwa. Shukar da ta fi kyau a bar ta ta yi iri, a busar, a zuba a kwalba da ƴar toka. Irin leda da aka rubuta wa F1 ƴaƴansa ba sa fitowa kamar uwar, kada a ɓata lokaci wajen ajiye shi.

Ƙwari. Fangali ɗaya ko biyu hannu ya ishe su: a fito da sassafe a juya ganye a tsince tsutsa. A barbaɗa toka. A daka barkono da tafarnuwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Maganin da ake aunawa a kasuwa cikin kwalbar da ba ta da rubutu, wani na gonar auduga ne, ba a yi shi don ganyen miya ba. Mafi muni shi ne a zuba shi a gorar lemo a ajiye a ɗaki. Idan, Allah Ya kiyaye, yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi nono ko manja, a ruga da shi asibiti tare da kwalbar. Kuma kada a yi fangali inda ruwan masai ke gangarowa.

Yanzu maganar da ta fi shafar ofishinmu. Wanda lambun ƙofa ya yi masa kaɗan yana son fadama a bakin rafi, yana da dama. Dokar ƴan gudun hijira ta Kamaru ta 2005 ta ba ku izinin neman na kanku, ta kuma ɗora muku bin dokokin ƙasa. Amma babu fadamar da ba ta da mai ita, ko kun gan ta cike da ciyawa. A bi ta hannun jauro da shugabannin blok. A taka iyaka a gaban shaidu na ɓangare biyu, a rubuta takarda: daga ina zuwa ina, shekara nawa, me za a biya, kuɗi ne ko kason amfani. Kowa ya riƙe tasa. Alkawarin baki yana da daɗi ranar farko, amma in ƙasa ta sha taki ta yi kyau, sai ɗan mai fili ko ƙanensa ya fito ya ce shi bai sani ba. Kada a dasa mangwaro ko wani icce mai daɗewa a filin aro sai da yardar mai shi a rubuce, don a nan dasa icce kamar cewa ne fili ya zama naka.

Kada kuma a yi lambu a kan burtali ko mashaya. Da rani garkuna suna gangarowa kwari neman ruwa, kun fi mu sani. Idan dabba ta shiga ta yi ɓarna, kada a sare ta, kada a dake ta, kada a taɓa yaron da ke kiwo. A ɗaure ta, a kira shugaban blok da shaidu su ga ɓarnar da idonsu, a sasanta. Wanda ya ji wa saniya rauni ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara, kuma maganar takan wuce hannunmu ta kai ga jandarma. Masu awaki a cikin blok, ku ma da haƙƙi a kanku, a ɗaure su.

Iyayenmu, ban-ruwa kada ya hana yaro zuwa makaranta. Kada a aiki yarinya ita kaɗai zuwa rafi da asuba ko bayan magariba. Mata su tafi a ƙungiya, da rana. Sannan iri da kayan aikin da hukumomin agaji ke rabawa kyauta ne. Duk wanda ya ce sai an ba shi kuɗi kafin ya sa suna, ko ya nemi mace ko yarinya da wani abu don iri ko don fili, ko shi wane ne, ko ma'aikaci ne irinmu, a zo a gaya mana. Akwai mata a cikinmu masu sauraro, kuma sunan mai ƙara ba ya fita.

Cikin makon nan muna roƙon kowane shugaban blok ya zauna da mutanensa a tsayar da lokacin ɗibar ruwan lambu a famfo, bayan kowa ya samu na sha. Masu neman fadama su ba da sunayensu a haɗe, mu je wurin jauro tare. Waɗanda suka taɓa lambu a gida su ɗaga hannu yanzu a san su, don a haɗa kowannensu da gidajen da ba su taɓa yi ba. Mai tambaya ya yi da Hausa, ko Fulatanci, ko Sango, za a fassara.