Amanar da ke Cikin Aljihu: Kiran Kulle Bayanan Ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, muna yi muku barka da zuwa gida.

Mu da muka ga ƙarshen aikin madatsar ruwa ta Tiga a 1974, mun san yadda ruwan ya sauya rayuwar Kura da Bunkure da Kadawa da Garun Malam. Noman rani ya kawo shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma kawo rubuce-rubuce: rajistar manoma, lambar fili, kuɗin ruwa, rasidin taki. A zamaninmu waɗannan suna cikin babban littafi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kamar rajistar makaranta. Yau duk sun koma cikin filashi, ɗan abin da bai kai yatsa ba, a aljihun sakatare.

Mu duba abin da ke cikinsa. Sunayen mambobi da lambobin wayarsu, ranar haihuwa, lambar NIN, lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, lambar asusu, hotunan takardun gona, da jerin marayu da zawarawan da muke tallafa wa. Wannan filashi yana hawa mota daga Kura zuwa birni, yana shiga kwamfutar shagon buga takardu, wani lokaci a manta shi a can har kwana biyu. Wanda ya tsince shi ya sami duk abin da ɗan damfara yake nema. Zai kira tsoho a waya, ya faɗa masa sunansa da ranar haihuwarsa da BVN ɗinsa, ya ce daga banki yake. Tsohon ya yarda, ya karanta masa lambar da aka turo, kuɗin tumatir na rani guda ya tafi.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A 2017 wani mutum ya tsinci filashi a titin Landan, ɗauke da fayil sama da 1,000 na filin jirgin Heathrow, babu kulle ko kaɗan. Ya buɗe ya karanta, ya kai wa jarida, kuma a 2018 hukuma ta ci filin jirgin tarar fam 120,000. A 2022 kuma, a birnin Amagasaki na Japan, wani ma'aikaci ya yar da jaka da filashi mai bayanan mutanen gari kusan 460,000. Shi wannan a kulle yake, an kuma samo shi daga baya, hukumomi suka ce ba su ga alamar an taɓa bayanan ba. Ɓata ɗaya ne, bambancin kulle ne.

Mene ne kullen? Manhaja ce ke sakaya rubutun, ta hargitsa shi ta hanyar lissafi, yadda duk wanda ba shi da kalmar sirri ba zai ga komai ba sai shirme. Kada mu ruɗi kanmu: kalmar sirrin kwamfutar ofis ba ta bin filashi waje, ɓoye fayil ba kulle ba ne, kuma abin da aka goge ana iya dawo da shi.

Hanyoyi uku ne masu sauƙi. Ta farko BitLocker, wadda ke cikin Windows samfurin Pro: a zaɓi filashin, a kunna ta, a sa kalmar sirri, sai ta ba da mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48. Ta biyu VeraCrypt, kyauta ce, amma sai da ita ake iya buɗe filashin a kwamfuta. Ta uku 7-Zip, ita ma kyauta, tana ƙunshe fayiloli a ƙunshi guda ta kulle. Dukkansu suna aiki da tsarin AES, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 2001, bankuna ma da shi suke dogara.

Sai dai kwaɗo yana da sharuɗɗa. Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa ba. Wanda ya manta ta, bai kuma adana mabuɗin ko-ta-kwana ba, ya yi asarar bayanan har abada, babu maƙerin da zai fasa masa. Sannan da zarar an buɗe filashi a kwamfutar da ba a yarda da ita ba, kullen bai hana a kwafe ba.

Don haka muna ba kwamitin zartarwa shawara huɗu. Ɗaya, a kulle filashin ƙungiya kafin taro mai zuwa. Biyu, a rubuta mabuɗin a takarda, a rufe a ambulan, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin wani dattijon amintattu, domin rai da tafiya ba su sallama. Uku, a yi kwafi na biyu, shi ma a kulle, a ajiye shi a wani gida dabam. Huɗu, takardar da za a buga a shago a ɗora ta ita kaɗai a wani filashi, babban ya zauna gida. Duk lokacin da aka sauya sakatare, a sauya kalmar sirri.

'Ya'yanmu masu ilimin kwamfuta, wannan aikin yini guda ne. Ku zauna da sakatarorinmu da na ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ku nuna musu da hannu. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora alhaki a kan mai tara bayanan mutane. Amma kafin doka, manomin da ya miƙa mana lambarsa amana ya ba mu, kuma za a tambaye mu a kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.