Jawabi Kan Koyar da Saƙa ga Yaranmu Masu Buƙata ta Musamman



Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. To, amma doka ba ta kama hannun yaro ta koya masa. Kurma da ido yake ɗaukar saƙa: malama ta sarƙa zare, ya kwaikwaya. Makauniya kuwa da yatsu take lalube, sai an ɗora hannu bisa nata, an yi haƙuri. Kwarashi da zaren ulu ba su fi ƙarfinmu ba, kuma hular sanyi da safar jarirai ba sa kwantai a kasuwar Jega lokacin hunturu.

Roƙona, ƙungiya ta ɗauki malama ɗaya tak, tun ba a miƙa wa yaran nan ƙoƙon bara ba.