RAJISTAR 'YAN JAM'IYYA: KAFIN A TAƁA KWAMFUTA, A AMSA MANA TAMBAYOYI SHIDA

(Jawabin da na gabatar a taron matasan ɓangarenmu na Rabah, Wurno da Goronyo, wanda anka yi a Tursa)

 

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa, barkanku da zuwa. Waɗanda sunka taso daga Wurno da Goronyo tun da asuba, Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Kowa ya ji maganar da ake yi cewa za a mayar da rajistar 'yan jam'iyyarmu cikin kwamfuta, a yi manhaja, kowa a ba shi lamba da kati. Mu ba mu ƙi ba, mun daɗe muna nema. Amma abin da nake son ku riƙe yau shi ne: wanda ya tsara rajista shi ya tsara wanda zai ci zaɓen fidda gwani. Manhaja ba ta da imani, ba ta da mugunta, abin da anka ɗora mata shi take yi. In an ɗora mata zalunci, za ta yi shi da sauri fiye da biro.

Me ya sa abin ya yi nauyi haka? A shekarar 2022, Dokar Zaɓe ta lokacin, sashe na 77, ta wajabta wa kowace jam'iyya ajiye rajistar 'ya'yanta a takarda da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa INEC aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani ko babban taro. Ke nan in sunanka bai shiga wannan takardar ba, ko ka shekara ashirin kana liƙa fosta, ranar ƙato-bayan-ƙato ɗan kallo ne kai. Kuma mun ga yadda rikicin cikin gida ke cinye jam'iyya. Maƙwabtanmu Zamfara, ranar 24 ga Mayu 2019, Kotun Ƙoli ta soke nasarar APC tun daga kujerar gwamna har majalisar jiha, saboda ba a yi halastaccen zaɓen fidda gwani ba. Talaka ya sha rana ya jefa ƙuri'a, kujera ta tafi wani gida.

Ga wani darasin. Bayan rajistar 2021, APC ta ce tana da mambobi sama da miliyan 40. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ɗan takararta ya yi nasara da ƙuri'a 8,794,726. Ba gori nake wa kowa ba, wagga cuta babu jam'iyyar da ta tsira daga gare ta. Rajistar da anka cika da sunaye don a burge Abuja ba ta gaya maka yawan mutanenka na gaskiya.

Masu ilimin kwamfuta suna da ƙa'ida: ba a fara rubuta manhaja sai an yi nazarin yadda aikin yake gudana yanzu, an tambayi masu yin sa, an rubuta buƙatu, sannan a zana tsari. Ko tela ba ya sa almakashi sai ya gwada ka. To mu ba a gwada mu ba tukuna. Ga tambayoyi shida da muke son a amsa a rubuce.

Ta farko: yaya ake yi yanzu, kuma ina yake yoyo? Duk mun san hanyar. Fom ya zo daga jiha, ya tsaya gidan wani babba, a raba wa wanda anka ga dama. Littafi yana hannun mutum ɗaya. Wanda zai tsara manhaja ya zo ya zauna da sakataren mazaɓar Tursa, da shugabar mata, da ejan na rumfa, ya ji ta bakinsu. In ya zauna a otal a Sakkwato ya zana, tsohuwar ɓarakar zai kwafe ya sa mata sabuwar riga.

Ta biyu: da me za a bambanta mutum da mutum? A ƙauye ɗaya kana iya samun Bello Abubakar biyar da Hauwa'u Muhammad bakwai. Suna bai isa ba. Lambar waya ma ba ta isa ba, domin gida nawa ne waya ɗaya ce ta mai gida, mata da 'ya'ya duk da ita suke amfani? In an ce waya ɗaya mutum ɗaya, an kori iyayenmu mata ba tare da an furta ba. Abin da ya dace shi ne a ɗaure kowane suna da lambar katin zaɓensa da lambar rumfarsa. Kowace rumfa a Najeriya, cikin 176,846 da INEC ke da su, tana da lambarta: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ta Sakkwato da 33 take farawa. Da haka manhaja za ta ƙi karɓar mutum ɗaya sau biyu, kuma in an ce rumfa mai masu zaɓe 400 tana da 'yan jam'iyya 900, nan take ƙarya ta fito fili.

Ta uku, kuma ita ce uwa: wa ke da ikon yin me? Mu shawararmu, mai shigar da suna daban, mai tabbatarwa daban. Jami'in rumfa ya shigar, sakataren mazaɓa ya tabbatar, ƙaramar hukuma ta gani. Kuma kada a ba kowa, ko ciyaman ne, maɓallin goge suna. In mutum ya rasu, ko ya sauya sheƙa, ko an dakatar da shi bisa tsarin mulkin jam'iyya, a canza matsayinsa, sunan ya zauna. Manhaja ta riƙa ajiye sawu: wa ya taɓa, ranar yaushe, ƙarfe nawa, da wane dalili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma maɓallin gogewa shi ne tsagar.

Ta huɗu: in babu sabis fa? Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro, har da Rabah da Goronyo. Ko yau akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kake samun kira. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta mutanen birni ce. Muna son wadda ke ajiye bayani cikin waya, in an samu sabis ta tura. Haka nan a tuna da waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu. Tun harin Tabanni na Yulin 2018, da mutane sunka yi gudun hijira zuwa Gandi, mun san mutum na iya kwana a wata mazaɓa alhali rumfarsa na wata. A ware gurbin wurin zama daban da gurbin rumfa, don kada wanda ya rasa gida ya kuma rasa jam'iyya.

Ta biyar: yardar mutum da sirrinsa. A Kenya, cikin watan Yuni na 2021, ɗimbin mutane sun duba shafin gwamnati sun tarar an yi musu rajista a jam'iyyun da ba su taɓa shiga ba. Mu nan ma mun san masu tara katin zaɓen tsofaffi da sunan tallafi. Dole mutum ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu ko ya dangwala. Sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa ra'ayin siyasar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. A yankinmu wannan ya wuce maganar doka. Ku yi tunanin takarda mai suna, hoto, lambar waya da ƙauyen kowa ta faɗa hannun infoma. Saboda haka kada a tara abin da ba a buƙata. Ina ruwan jam'iyya da yawan shanunka ko lambar asusunka na banki? Jami'in rumfa ya ga rumfarsa kawai. Kuma a haramta yawo da rajista a zaurukan WhatsApp.

Ta shida: makulli na hannun wa? In ɗan kwangila ɗaya ne ke riƙe da lambar sirri, ko wani mai kuɗi ne ya biya kuɗin rumbun ajiyar bayanan da sunansa, to ranar da anka ɓata da shi ya tafi da jam'iyya cikin aljihu. Yarjejeniya ta fito ƙarara cewa bayanan na jam'iyya ne. Kowane wata uku a buga kwafin takarda, shugabannin mazaɓa na kowane ɓangare su sa hannu, kowa ya riƙe nasa.

Bayan an amsa waɗannan, kada a watsa manhajar a mazaɓu 244 na jihar nan rana ɗaya. A gwada a mazaɓa guda, kuma mu Tursa mun miƙa kanmu. A yi rajista, a buga sunaye da rumfuna kawai, ban da waya da hoto, a liƙa a ofishin mazaɓa mako guda. Wanda bai ga sunansa ba ya yi ƙorafi, a ba shi rasit. Haka INEC ke baje kundin masu zaɓe don gyara, mu ma ba mu fi ƙarfin haka ba.

Na san wasu za su ce 'yan ɓangare ne, neman hanyar ja da shugabanci suke. Amsarmu mai sauƙi ce: duk ƙa'idar da munka nema, mu ma za ta ɗaure mu. In gobe mu ke riƙe da ofis, mu ma ba mu iya goge sunan kowa. Wanda ke da jama'a da gaske ba ya tsoron a ƙirga.

Aikin da ke gabanmu, 'yan uwana matasa: kowace rumfa ta fitar da mutum biyu, namiji da mace, masu iya karatu da latsa waya. Su rubuto mana yadda rajista ta gudana a rumfarsu karon baya, wa ya samu, wa anka bari, kuma me ya hana. Za mu haɗa su da tambayoyin nan shida mu kai wa uwar jam'iyya ta jiha a rubuce, da sa hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In munka bari sai an buga gangar zaɓen fidda gwani, kotu kawai za ta rage mana, kuma kun san kuɗin lauya.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gabashin Sakkwato, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kanmu a kan gaskiya.