Jawabi Ga Hakimai Kan Sayen Tsohuwar A-kori-kura Don Farauta

Hakimin da ke nufin sayen a-kori-kura ta hannu don shiga daji, kada fenti ya ruɗe shi. Jikin Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948, na alminiyam ne, ba ya tsatsa, saboda haka takan yi kyan gani ko ta tsufa. Amma shasin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne, can lakar fadama ke maƙalewa tana cinsa. Sai a sa makanike ya kwanta ƙarƙashinta, ya bi shasin da guduma yana ƙwanƙwasawa. In guduma ta huda, a bar motar kome araharta, gama karyewar shasi a dawa ba ta da magani.

Daga nan a kai ta cikin yashi, a sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, a gani da ido. Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tana da sauƙin gyara, amma ƙafafun baya kaɗai ke ja. Toyota Hilux ma ba kowacce ke jan huɗu ba.

Malaman hakimai kuwa su gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce a takardun motar, tun ba a biya ko kwabo ba.